KATI A HANNU, MAGANI A KEMIS: Jawabi ga Jama'ar Cikin Birni a kan Kuɗin Taimakekeniyar Lafiya



Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena na cikin ganuwa, tun daga Ƙofar Mata har Ƙofar Mazugal, tun daga Jakara har Gwale, ina gaishe ku da fatan alheri. Ga shi babban zaɓe ya ƙarato, kun kuwa san al'ada: duk ɗan takarar da ya hau duro sai ya ce zai gyara asibiti. Wannan ya ce zai raba katin lafiya dubu kaza, wancan ya ce nasa ya ninka haka. Ban ce ƙarya suke yi ba. Abin da na zo muku da shi yau ma'auni ne, wanda za ku auna maganarsu da shi, har da maganar 'yan takararmu.

Kafin in shiga wannan aiki, malamin firamare ne ni. Abu na farko da aka koya mini shi ne kiran rajista, abu na biyu kuwa aikin da kansa ya koya mini: sunan yaro a rajista daban, karatun yaro daban. Tsofaffin malamai sun sha ba mu labarin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, yadda rajista ta cika maƙil, alhali aji bai isa ba, malamai ba su isa ba. To, katin lafiya rajista ne. Tambayar ita ce, bayan an kira suna, an yi karatun?

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Wata rana da damina, wata ɗalibata 'yar aji huɗu ta faɗi a aji, jikinta ya yi zafi rau. Ubanta ma'aikaci ne, ana cire masa kuɗin lafiya daga albashi kowane wata, yana da kati. Muka ɗauke ta sai wani asibiti, ba zan ambaci sunansa ba. Aka karɓi kati ba musu, aka gwada jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka rubuta magani. Muka je tagar karɓar magani, aka ce babu, a tsallaka titi a sayo a kemis. Uban nan sai da ya jinginar da wayarsa kafin ya haɗa kuɗin. Yarinya ta warke, alhamdu lillahi, amma bawan Allah ya biya sau biyu: sau ɗaya a albashi, sau ɗaya a kemis.

Raina ya ɓaci, na koma na sami mai ba da maganin. Dattijo ne, bai yi fushi ba. Ya ce da ni, "Malam, kai ma in ba a kawo maka alli ba, da me za ka yi rubutu? Kuɗinmu na watanni bai shigo ba." Tun daga ranar nan na daina tsayawa a kan kati, na koma bin sawun kuɗi: wa ke biyan asibiti, yaya ake biyansa, yaushe ake biyansa. Nan ne maganar take.

INDA AKA FITO

Bari in ɗan yi muku tarihi a taƙaice, domin kada wani ya zo ya ce da ku shi ya fara.

A 1999 aka yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa, amma sai a 2005, zamanin Obasanjo, aka fara aiki da ita. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fi cin moriyarta: ma'aikaci, da matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani a taga. Ku duba gidajenmu na cikin birni ku gaya mini gida nawa ne lissafinsa ya tsaya a mace ɗaya da 'ya'ya huɗu. Marini da maɗinki da mai kayan koli a Kasuwar Kurmi kuwa ba sa cikin wannan lissafi. Shi ya sa binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya tarar mutum 3 kacal cikin 100 na manya ke da inshora.

A 2014, zamanin Jonathan, aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, wajen naira biliyan 55. Manufarsa ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti guda mai aiki sosai. Mu a Jihar Kano mazaɓu 484 gare mu a ƙananan hukumomi 44.

A 2016, zamanin Ganduje, aka yi dokar da ta kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Kano. Sunan ya dace da mu, domin mun san adashi, mun san gudummawar biki da ta suna, mun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'an nan ran 19 ga Mayu, 2022, Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta mai da inshorar lafiya tilas a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu na musamman don marasa ƙarfi: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi, naƙasassu da fakirai.

Watau doka ba ta yi mana ƙaranci ba. Amma ga sakamakon jarrabawa. Ya zuwa ƙarshen 2024, waɗanda aka yi wa rajista a duk ƙasar nan wajen mutum miliyan 19 ne, cikin jama'ar da ta haura miliyan 200. Kuma a cikin kowace naira 100 da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya, fiye da naira 70 daga aljihun majinyaci take fita. Gaskiya ne an ci gaba, ba za mu ƙi faɗa ba. Amma yaron da ya ci maki irin wannan, babu malamin da zai rubuta masa "ya yi ƙoƙari" ya yi shiru.

HANYOYI UKU NA BIYAN ASIBITI

Yanzu ku ba ni hankalinku, nan ne ba a cika yi muku bayani ba. Kowa a nan ya san ɗan garuwa. Hanya uku ce za ka iya biyansa, kuma kowace hanya da irin halin da take koya masa. Asibiti ma haka yake.

Hanya ta farko, biyan ƙidaya. Ka yi yarjejeniya da ɗan garuwa, ka ce mu goma ne a gidan nan, ga kuɗi kaza kowane wata, ko mun sha da yawa ko mun sha kaɗan. Haka ake biyan asibitin da ka zaɓa a katinka: ana ƙirga kawunan da aka rubuta masa, a ba shi kuɗi a kan kowane kai duk wata, ko ka je ko ba ka je ba. Dattawan da ke nan sun tuna haraji da jangali, waɗanda Abubakar Rimi ya soke a 1979. Irin ƙidayar nan ce, sai dai an juya ta: yanzu hukuma ce ke biya a kan kanka. Amfaninta shi ne asibiti ya san abin da zai samu, ya sayi magani tun da wuri, kuma ribarsa ce kada ka kwanta ciwo, don haka zai so rigakafi. Illarta kuwa, in kuɗin ya yi kaɗan ko ya makara, sai ɗan garuwa ya fara kawo rabin garwa. Sai ka ji "babu", sai ka ji "je ka babban asibiti".

Ga lissafin ɗan aji biyar. A tsarin Tarayya, kuɗin kowane kai naira 550 ne a 2005, ya koma naira 750 a 2012. Daga nan ya tsaya cak har 2024. Shekara goma sha biyu! Asibitin da aka rubuta wa mutum 1,000 yana karɓar naira 750,000 a wata a 2012, haka kuma yake karɓa bayan an cire tallafin mai a 2023, naira ta faɗi, farashin magani ya tashi kowa yana gani. Sai a 2024 aka fara ƙari, a 2025 ya kai naira 1,450. Uwar gida, ke da kike cefane, in Malam ya riƙa ba ki kuɗin cefanen 2012 a 2023, me za ki zuba a tukunya? Wannan farashin Tarayya ne, jiha tana da nata, kuma haƙƙinku ne ku san shi.

Hanya ta biyu, biyan aiki. Kowace garwa da kuɗinta. Haka ake biyan manyan ayyuka: fiɗa, kwanciya, hoton ƙirji, ganin babban likita. Asibiti ya yi aikin, ya rubuta takardar neman biya, a duba, a biya shi. Amfaninta shi ne ba wanda zai ƙi yi maka aiki, tun da aikin ne kuɗin. Illarta biyu ce. Ta ɗaya, ɗan garuwan da ake biya garwa garwa ba zai taɓa gaya maka randarka tana yoyo ba. Gwaji ya yawaita, ƙarin ruwa ya yawaita, rigakafi kuwa ba mai kula da shi. Ta biyu, takarda tana kwana. A tsarin Tarayya akwai kamfanonin dillalai tsakanin hukuma da asibiti, sai sun ba da lambar izini ake yin aiki, majinyaci na kwance ana jiran lamba. Abin ya kai sai da hukumar ta ba da umarni a 2025 cewa kada izinin ya wuce awa ɗaya.

Hanya ta uku, biyan sakamako. Ka ce wa ɗan garuwa, in na leƙa na ga randa cike da ruwa mai tsabta, ga ƙari. An gwada wannan a jihohin Adamawa, Nasarawa da Ondo da taimakon Bankin Duniya. Wasu asibitoci aka biya su bisa yawan haihuwa da rigakafin da suka yi, wasu kuma aka sa musu kuɗi kai tsaye a asusunsu, wajen rabin na farkon, ba tare da sharaɗin ƙidaya ba. Da aka auna, duka biyun sun gyaru, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda aka zata ba. Darasin a fili yake: babban maganin shi ne kuɗi ya isa hannun ƙaramin asibiti, ya sami ikon sayen abin da ya ƙare yau ba sai ya rubuta wasiƙa hedkwata ba.

Saboda haka in wani ya ce muku hanya ɗaya ce mai kyau, bai yi muku adalci ba. Ƙasar Tailan, wadda ta shigar da kusan kowa cikin tsarin lafiya tun 2002, haɗawa ta yi: biyan ƙidaya ga masu sha ka tafi, wani tsari daban mai iyaka ga masu kwanciya.

DARASI DAGA MAƘWABTA

Ba sai mun je nesa ba. Da yawanmu muna da 'yan'uwa a Maraɗi da Damagaram. Tsakanin 2005 da 2006, zamanin Tandja Mamadou, Nijar ta ce fiɗar haihuwa kyauta, jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Mata suka yi ta kai yara asibiti, abin ya yi amfani ƙwarai. Amma tsarin shi ne asibiti ya yi aiki, gwamnati ta biya daga baya. Biyan ya riƙa makara, bashi ya taru, kantar magani ta bushe a wurare da yawa. Kyautar tana nan a takarda, uwa tana sayen magani a waje.

'Yan'uwanmu na zangon Kumasi su ma suna da labari. Ghana ta kafa inshorarta a 2003, tana ciyar da ita da wani kaso na harajin kayan masarufi. A 2012 ta gwada biyan ƙidaya a yankin Ashanti. Asibitoci suka yi ta kukan kuɗin ya yi kaɗan, jama'a suka ce ba a yi musu bayani ba, a 2017 aka dakatar da gwajin. Ashe ko tsari mai kyau ne, in an yi masa rowa, aka kuma ɓoye wa jama'a lissafi, ba ya zuwa ko'ina.

MU DAWO CIKIN GANUWA

Ku je Asibitin Murtala da safe, asibitin da ke nan tun zamanin En'e, ku ga layi. Ku je Hasiya Bayero da damina ku ga iyaye mata da goyo. Da yawa cikin masu layin nan ciwonsu na ƙaramin asibitin unguwa ne: zazzaɓi, gudawa, awon ciki, gwajin hawan jini. Me ya kai su can? Sun gwada na kusa sun tarar ba magani, ko an rufe tun la'asar, alhali naƙuda ba ta san agogo ba. Sai babban likita ya ƙare ranarsa a kan abin da malamin asibiti zai iya, mai ciwo mai tsanani yana jira a benci. Gyaran babban asibiti daga ƙaramin asibiti yake farawa.

Kuma ba mu manta da mashaƙo ba. A 2023 Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yaran da ba su sami cikakkiyar rigakafi ba. Allurar nan tana nan, kyauta ce. Tsarin biyan da ba ya tuhumar asibiti a kan yaran mazaɓarsa da ba a yi wa rigakafi ba, tsari ne da ke jiran ciwo ya zo kafin ya motsa.

TAMBAYOYI BIYAR

To, ga takardar jarrabawa. Duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, na kansila ne, na majalisa ne, na gwamna ne, ku ba shi.

Ta ɗaya: nawa ake biyan asibitin mazaɓarmu a kan kowane kai, kuma ran nawa ga wata kuɗin ke shiga? Muna so a liƙa shi a bangon asibiti da Hausa, boko da ajami, kamar yadda ake liƙa sakamakon jarrabawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta biyu: wace doka za ka kawo da za ta sa a riƙa duba farashin nan kowace shekara? Kada a sake shekara goma sha biyu ana biyan kuɗin jiya a kasuwar yau.

Ta uku: cikin masu kati goma da aka rubuta wa magani, nawa ne suka same shi a taga? Wannan shi ne makin gaskiya. In mai kati ya saya a waje, wa zai mayar masa da kuɗinsa, cikin kwana nawa? Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Ta huɗu: wa ke zaɓen marasa ƙarfin da ake yi wa rajista kyauta? Muna so a yi shi a fili, gaban mai unguwa da liman da shugabannin mata, ba a aljihun wakilin jam'iyya ba, kowace jam'iyya ce, har tamu. Gwauruwar da ke sayar da ƙuli a zaure ta fi ɗan'uwan kansila cancanta. Mai sana'ar hannu kuma, wanda samunsa na yau da gobe ne, a ba shi hanyar zubi kaɗan kaɗan ta ƙungiyar sana'arsa, kamar adashi.

Ta biyar: nawa aka ware wa lafiya, nawa aka saki? A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin kashi 15 cikin 100 na kasafi, Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Amma ko an rubuta 15 a takarda, warewa daban, saki daban. Lissafin ƙarshen shekara za ku nema.

Akwai kuma aikin da ya rage namu. A tsarin asusun matakin farko, kowace mazaɓa tana da kwamitin raya mazaɓa, kuma shugabansa yana cikin masu sa hannu a asusun asibiti. Ina tambaya, mutum nawa a nan suka san sunan shugaban kwamitin mazaɓarsu? Ku neme shi. Ku halarci zamansu. Iyaye mata musamman, ku ne kuka fi kowa sanin ranar da aka ce babu, ku riƙa ƙirgawa. Duk uban da ba ya leƙa makaranta, kada ya yi mamakin sakamakon ɗansa.

Kada kuma fushinku ya sauka a kan nas da unguwarzoma da mai ba da magani. Mafi yawansu 'ya'yanmu ne, a unguwannin nan suke kwana, abin da aka ba su da shi suke aiki. Wanda ya ci amana a cikinsu a hukunta shi, amma a fara da bin sawun kuɗin tun daga sama.

Jama'a, uban yarinyar nan ya fanshi wayarsa bayan wata biyu. Akwai waɗanda abin da suka rasa ba ya fansuwa, kun san su, wataƙila a gidanku suke. Saboda su nake roƙonku, ran da ɗan takara ya ɗaga kati sama yana jiran tafi, ku bari ya gama, sa'an nan wani dattijo ya miƙe ya ce, "Mun ga kati, ranka ya daɗe. Yaushe aka biya asibitin?" In ya amsa da lissafi, ku saurare shi. In ya amsa da kirari, kun san abin da za ku yi ranar zaɓe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya mana yaranmu, ya ba mu shugabanni masu tsoron haƙƙin jama'a. Allah ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya.